Yadda Abincin Talakan Ayilan Ya Hau Teburin Baƙi

Duk baƙon da ya sauka Dublin, babban birnin Ayilan, ya tambayi inda zai ci abincin ƙasar, kusan wuri ɗaya za a nuna masa: unguwar Temple Bar da ke bakin kogin Liffey, inda gidajen giya da na abinci suka yi layi, kowanne da allo a ƙofa yana tallar girkin gargajiya. A can zai tarar da Irish stew, wanda ba don rashin yaji da manja ba, da sai a ce faten dankali ne da naman rago. Zai tarar da boxty, da ake goga ɗanyen dankali a kwaɓa da fulawa a soya, da kuma baƙin burodi da man shanu. Kuɗin ma ba na wasa ba ne. Amma shekara sittin da suka wuce, babu gidan abinci mai ji da kansa a Dublin da zai yarda ya ɗora irin waɗannan a tebur. Cimar ƙauye ce da ta lungu, kuma yawancinta abin da ya rage ne bayan an kwashe mai kyau an loda wa jiragen ruwa.

Tun kafin dankali ya zo, 'yan Ayilan mutanen shanu ne. Tsibirin yana shan ruwan sama kusan duk shekara, ciyawa ba ta yankewa, saboda haka da shanu ake auna arzikin mutum, da su ake biyan diyya a tsofaffin dokokinsu, kuma babban labarin jarumtakarsu ma a kan satar bijimi aka gina shi. Sai dai ba a cika yanka saniya ba, tatsarta ake yi. Madara, kindirmo, tsala, cuku da man shanu su ne cimar bazara, da sanyi kuma a koma wa kunun hatsin ots da sha'ir. Har yau masu haƙar baƙar ƙasar fadama da ake shanyawa a yi makamashi da ita sukan ci karo da curin man shanu da aka binne cikin akushin katako. An auna shekarun wasu an tarar sun haura 3,000, kuma akwai su a gidan tarihi na ƙasa da ke Dublin.

Abin da ya raba talaka da saniyarsa shi ne ƙwace ƙasa. A 1641 kusan kashi 60 cikin ɗari na filayen tsibirin yana hannun 'yan ƙasa mabiya Katolika. Zuwa 1703, bayan yaƙin Cromwell da na Sarki William, rabonsu ya dawo wajen kashi 14. Sauran ya koma hannun masu gonaki da aka dasa daga Birtaniya, ɗan ƙasa kuma ya zama ɗan haya a gonar kakansa.

Daga nan sai majalisar Ingila ta yi wata doka da ta sauya tukunyar Ayilan ba tare da ta yi niyya ba. Makiyayan Ingila sun koka cewa shanun Ayilan masu araha suna karya musu kasuwa, aka taƙaita shigo da su a 1663, aka haramta gaba ɗaya a 1667. Da aka hana fitar da saniya da ranta, sai 'yan kasuwa suka koma yankawa, suna zuba gishiri, suna cusawa a gangunan katako. Birnin Cork da ke kudu, mai kyakkyawar tashar jiragen ruwa, shi ya zama mahautar. Naman gishirin Cork ya ciyar da sojojin ruwan Birtaniya, ya ciyar da na Faransa, ya kuma tsallaka teku zuwa gonakin rake na tsibiran Karibiyan. Dokar bayi ta Faransa ta 1685 ta tanadi cewa a ba kowane bawa laba biyu na naman gishiri a mako, kuma da yawan naman daga Ayilan yake. Wato 'yan Afirka da aka kwasa a matsayin bayi sun ci mafi ƙasƙancin wannan nama, alhali manomin da ya yi kiwon saniyar ko wannan bai samu ba.

Man shanu ma hanyar da ya bi ke nan. A 1770 'yan kasuwar Cork suka kafa kasuwar man shanu a unguwar Shandon, da masu duba kaya da ke ɗanɗanawa su raba shi daraja-daraja kafin a buga hatimi. Manoma daga duwatsun Kerry sukan kwana a hanya da dawakai ɗauke da 'yan ganguna. A ƙarni na 19 babu kasuwar man shanu da ta kai ta girma a duniya, kayanta na zuwa har Burazil, Indiya da Ostareliya, kuma ba a rufe ta ba sai 1924. Gida kuma me ya rage? Tsala, bayan an kwashe mai. A birni kuwa, kayan ciki, kai, ƙafa da jini, waɗanda ba sa jure ganga. Shi ya sa abincin da Cork ke alfahari da shi a yau ya zama tumbi da aka dafa a madara da albasa, da drisheen da ake yi da jini, da ƙafar alade. Wanda ya shiga kasuwar English Market, da aka buɗe a 1788, wadda Sarauniya Elizabeth ta ziyarta a 2011, zai ga ana sayar da su har yanzu, kusa da cukun da ya fi nama tsada.

Dankalin Turawa, wanda a kasuwanninmu ake ce wa arish, asalinsa daga duwatsun Kudancin Amurka ne, kuma ya iso Ayilan a ƙarshen ƙarni na 16. Ya dace da ƙasar ƙwarai: yana son danshi, yana yi a ƙasa mara ƙarfi, ɗan ƙaramin fili yana riƙe iyali, ba ya bukatar niƙa ko tanderu, tukunya ɗaya ta isa. Ɗan haya sai ya noma alkama, ya yi kiwon alade ya biya mai gona, shi kuma ya zauna a kan dankali da tsala safe, rana da dare. Ƙaton ɗan ƙwadago yakan ci kimanin kilo shida a yini. Abin mamaki, wannan cima ta fi burodin talakan Ingila gina jiki, jama'a kuma ta yi ta ƙaruwa har ƙidayar 1841 ta nuna mutum miliyan 8.2. Kusan miliyan uku daga cikinsu ba su da wani abinci sai dankali, kuma mafi yawa iri ɗaya suke shukawa, mai suna Lumper, saboda yawan yabanyarsa.

A watan Satumba na 1845 wata cuta mai ruɓar da dankali ta ɓulla. A 1846 ta cinye kusan amfanin gonar duka. Kafin 1852 mutum wajen miliyan ɗaya sun mutu da yunwa da zazzaɓi, wasu fiye da miliyan sun yi ƙaura, alhali jiragen hatsi, shanu da man shanu ba su daina tashi daga tashoshin ƙasar ba. Gwamnatin Landan ta sayo masara daga Amurka, mutanen da ba su san yadda ake sarrafa ta ba suka ci ta ba ta dahu ba, ta ɓata musu ciki. Taimako ya zo daga nesa, har da fam 1,000 daga Sarkin Daular Usmaniyya Abdulmajid. A 1847 aka ɗauko wani shahararren kuku Bafaranshe, Alexis Soyer, daga Landan ya kafa rumfar rabon romo a Dublin, inda aka ɗaure cokula da sarƙa, masu hali kuma suna biyan kuɗi su shiga kallon mayunwata na ci. Har yau yawan mutanen tsibirin, wajen miliyan bakwai, bai koma yadda yake kafin yunwar ba.

Tabon da yunwar ta bari a kan abinci ya daɗe. Abubuwan da aka tsinta a bakin teku aka ci don a rayu, ganyen ruwa da ƙananan halittu masu ɓawo, sun zama abin kunya, alamar gidan da ya talauce. Kifi kuma ya gamu da wata matsalar: cocin Katolika ya hana cin nama ranar Juma'a, sai kifi ya zama abincin tuba, wanda ake ci don dole. Tsibiri guda da teku ta kewaye ya juya wa teku baya. Ko a yau yawancin kifin da jiragen garin Killybegs ke kamawa waje ake kai shi, kuma Nijeriya na cikin manyan masu saye; wani daga kifin ƙanƙarar da ake soyawa a Kano da Kaduna daga can ya taso.

Mafi yawan abin da ake kira gargajiya a yau bayan yunwar ya zauna da gindinsa. Hodar soda ta shigo a shekarun 1830 zuwa 1840, ta kuma dace da alkamar ƙasar mai laushi wadda ba ta tashi sosai da yis. A kwaɓa gari da tsala da soda, a sa a tukunyar ƙarfe, a ɗora garwashi a kan murfi, cikin awa ɗaya burodi ya fito. Ana tsaga gicciye a samansa don zafi ya ratsa, ko da yake tsofaffi sukan ce don aljanu su samu hanyar fita ne. Irish stew kuwa dabarar cin tsohuwar tunkiya ce da ta gama ba da gashi: nama mai tauri, dankali, albasa, ruwa, da wuta a hankali. Har gobe ana musu ko ya halatta a sa karas. A Dublin matan lungu suna da coddle, wato ragowar naman alade da dankali da albasa da ake tafasawa daren Alhamis don kada su kai Juma'a. Naman sa mai gishiri da kabeji, wanda Amurkawa ke ɗauka shi ne abincin ƙasar Ayilan, a Niyok aka haife shi, lokacin da 'yan ci-rani suka tarar naman sa a wurin mahautan Yahudawa ya fi na alade araha. A gida alade da kabeji aka sani.

Sai shayi, wanda a ganina shi ne ainihin abin shan ƙasar, ko da tallace-tallace sun nuna akasin haka. A 1835 iyalan Bewley, 'yan ɗariƙar Quaker, suka yi kasadar ɗauko akwati sama da 2,000 na ganyen shayi kai-tsaye daga Sin zuwa Dublin. Shekara uku bayan haka wani limamin coci a Cork, Theobald Mathew, ya fara wa'azin barin giya, miliyoyi suka yi masa alkawari. Zuwa ƙarshen ƙarnin, tukunyar shayi ta shiga kowace bukka. Gidan shayin Bewley na titin Grafton, da aka buɗe a 1927, a wancan zamani yana cikin wurare ƙalilan da mace ita kaɗai za ta zauna ta ci wani abu ba a yi mata kallon banza ba. A 1941, da Birtaniya ta rage musu kaso saboda yaƙi, rabon mutum ya dawo kimanin giram 14 a mako, abin ya yi musu ciwo har gwamnati ta kafa kamfanin sayo shayi kai-tsaye daga inda ake nomansa. Daga baya suka karkata ga ganyen Kenya da Ruwanda, mai ƙarfi da ja, wanda ke ɗaukar madara da yawa. Ƙasashe kaɗan ne, irin su Turkiyya, suka fi su shan shayi.

Giyar da ta yi wa ƙasar suna labarinta sananne ne. A ranar ƙarshe ta 1759 Arthur Guinness ya karɓi hayar wata matacciyar masana'antar giya a St James's Gate da ke Dublin na shekara 9,000, a kan fam 45 duk shekara. Zuwa 1886 babu masana'antar giya da ta kai ta girma a duniya. Da kamfanin ya tashi gina masana'antarsa ta farko a wajen Ayilan da Birtaniya, Ikeja ya zaɓa, a 1962, kuma ta wannan reshe ne Malta Guinness mara sa maye ta shiga shagunanmu. Amma abin lura ga tarihin cin abinci shi ne, a da mashayar da ake sayar da wannan giya ba wurin cin abinci ba ce. Da yawa rabin kanti ne rabin mashaya, ana auna sukari a gefe ana zuba giya a gefe. Zaure ne na maza. Mace in ta shiga, sai dai a wani ɗan ƙuƙumin ɗaki mai taga da ake miƙo mata kofi ta ciki. Mai jin yunwa in ya yi sa'a ya samu burodi da cuku, ko, daga 1954, ƙullin soyayyen dankalin Tayto. Babban abincin yini da tsakar rana ake ci, kuma a gida, har ma'aikatan ofis sukan hau keke su koma.

To, ina masu kuɗi ke ci? A wurin Faransawa. A 1901 'yan'uwa biyu, Michel da François Jammet, suka buɗe gidan abinci a Dublin. Michel tsohon kukun wakilin sarautar Ingila ne. Har aka rufe shi a 1967, nan ne matattarar alƙalai, marubuta da taurarin fim, kuma da Faransanci ake rubuta jerin abincin. Naman na Ayilan ne, man shanun na Ayilan ne, sunan girkin da hannun da ya yi shi na waje. Talaka kuma nasa cin abincin waje 'yan Italiya ne suka kawo masa. A shekarun 1880 wani mai suna Giuseppe Cervi ya fara tura kura yana sayar da soyayyen dankali a ƙofar gidajen giya, daga baya ya buɗe shago ya haɗa da kifi. Iyalai daga ƙauyukan kudancin Roma suka biyo sahu, har ya zama kusan kowace unguwa tana da shagon suyarta mai sunan Italiya, ranar Juma'a kuma layi har titi. Shagon Leo Burdock, na ɗan ƙasa, tun 1913 yake wannan sana'a.

Wadda ta karya wannan tsari matar wani manomi ce. A 1964 Myrtle Allen, tana da shekara 40 da 'ya'ya shida, ba ta taɓa aiki a kicin ɗin otal ba, ta buɗe ɗakin cin abinci na gidansu, Ballymaloe, a gabashin Cork, ta sa 'yar sanarwa a jarida. Ƙa'idarta mai sauƙi ce amma a lokacin kamar wauta: ba ta rubuta jerin abincin ranar sai ta ga abin da lambu ya bayar da abin da masuntan Ballycotton suka kamo. Ta ɗora baƙin burodi a tebur ba kunya. Ta ɗauko ganyen teku da ake yi wa kallon abincin yunwa ta yi kayan zaƙi da shi. A 1975 littafin Michelin, wanda Faransawa ke auna gidajen abinci da shi, ya ba ta tauraro, kuma a farkon shekarun 1980 ta je har Faris ta riƙe gidan abincin Ayilan. Surukarta Darina Allen ta buɗe makarantar girki a 1983, ta shiga talabijin, ta bi ƙauyuka tana rubuta girke-girken tsofaffi kafin su tafi da su. A tsakanin nan, a 1976, wata mata Veronica Steele da madarar saniyarta ta yi mata yawa ta fara yin cukun Milleens, ta farfaɗo da sana'ar da ta mutu ɗaruruwan shekaru. Cukun Cashel Blue ya biyo baya a 1984. Kusan duk wannan aiki mata ne suka yi shi, kuma daga karkara, birni daga baya ya farga.

Abin da ya shigo da shi birni kuɗi ne da baƙi. Ƙasar ta shiga tarayyar kasuwancin Turai a 1973, jiragen sama suka yi araha, tattalin arziki ya bunƙasa a shekarun 1990. Ita kanta Temple Bar saura kaɗan a rushe ta: hukumar sufuri ta saye gine-ginen don ta yi babbar tashar bas, kafin a fara aiki ta ba masu zane da mawaƙa haya da araha, su kuma suka raya wurin har aka fasa rusau, gwamnati ta mai da shi unguwar al'adu a 1991. Gidan Gallagher da ya fito da boxty daga ƙauyukan Leitrim zuwa faranti mai tsada a nan ya buɗe a ƙarshen shekarun 1980. A daidai lokacin wani kamfani a Dublin ya fara ƙera mashayar Ayilan sukutum, da katako da madubi da tsofaffin alluna, yana lodawa zuwa ƙasashen duniya. Baƙo sai ya riƙa zuwa Dublin da hoton abin da yake nema a kansa, masu gida kuma suka ba shi abin da ya zo nema.

Ƙarshen juyin ya zo ranar 29 ga Maris, 2004, lokacin da Ayilan ta zama ƙasa ta farko da ta hana shan taba a duk wuraren aiki, har da gidajen giya. Ga kuma tsananta dokar tuƙi cikin maye, ga giyar kanti mai araha. Sama da gidajen giya 2,000 sun rufe tun 2005, waɗanda suka tsira da yawansu kicin ne ya cece su. Mashayar da a da ko cokali babu, yau ita ce babban wurin cin abincin baƙi.

Saboda haka ba duk abin da aka rubuta wa "gargajiya" ne ya tsufa ba. Kofi mai haɗe da barasa da kirim, a 1943 wani kuku Joe Sheridan ya ƙirƙire shi a tashar jiragen Foynes don fasinjojin Amurka da sanyi ya kama. Romon kifi mai kauri da madara aro ne daga ƙetaren Atlantika. In kuwa ana maganar abin da matashin Dublin ke ci da daddare, ai spice bag ne, soyayyen dankali da kaza da barkono a jakar takarda, wanda shagunan 'yan Sin suka fito da shi a wannan ƙarnin. Ban ga laifin ko ɗaya ba, sai dai gidan da zai ɗumama daskararren stew ya karɓi kuɗin sabo don ya san baƙo gobe ba ya nan, kuma irinsu sun fi yawa a inda allunan suka fi girma. Abinci mai kyau yana 'yan tituna kaɗan daga nan, ko a Cork da Galway.

Musulmin da ya je sai ya buɗe baki ya yi tambaya, don alade da giya sun ratsa girkin ƙasar ta inda ba a zato. Coddle da karin kumallon da ake ce wa cikakke alade ne, baƙin pudding da drisheen jini ne, stew na naman sa sau da yawa da Guinness ake dafa shi, wani baƙin burodin ma akan zuba masa, kuma wasu shagunan suya da giya suke kwaɓa fulawar kifi. Musulmin ƙasar sun haura 80,000 a ƙidayar 2022, kuma mahautan halal suna nan a kewayen masallacin South Circular Road, inda za a samu naman ragon Ayilan a dafa stew da hannu. A gidan abinci kuwa, a nemi gasasshen kifi, dankalin da aka kirɓa da kabeji ko ganyen albasa, burodin soda da man shanu, da shayi mai kauri.